Takardun Kawu a Kasuwar Adjamé

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Hajara, ya Abidjan?" Waccan ta bugo waya wai da gaske ne akwai injin da ke buga littafi ɗaya tak ya tsaya? Maimuna mai ɗinki kuwa ba ruwanta da inji, atamfa kawai take tambaya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai son ji ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, 'yar maɗaba'a gare ni a Katsina, ina fitar da littattafan yara da na addini, amma bugu sai na kai Kano. Sana'a ce ta mai taurin rai. Mai inji a Kano ba ya kunna miki inji sai kin yarda da kwafi dubu, wai in ba haka ba farantin ɗab'in da zai haɗa bai biya wahalarsa ba. Ki buga dubu, ki sayar da abin da ya sawwaƙa, sauran gara ta karance su a sito. Takarda kuma kullum ƙara tsada take, kamar da gayya.

Abin da ya kai ni Abidjan shi ne Kawu Malam Isufu, wan mahaifiyata, mutumin Maraɗi. Tun yana saurayi ya bi fataken goro ya tafi, ya zauna a Adjamé, cikin Abidjan, yana karantarwa har ya tsufa. Yana da waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da hannunsa cikin ajami, cike da gafaka. Na yi shekaru ina roƙonsa ya bari in buga, amsarsa ɗaya ce: "Na ga abin da ake yi da takardar ɗab'i. Na ga sunan Allah a cikin kwata." Sai bana 'yarsa Zainabu ta ba ni labarin wata maɗaba'a a unguwar Treichville da ke buga daidai abin da aka nema, ko da kwafi ɗaya ne. Nan take na kira Kawu, na ce yanzu ba za a buga ko falle ɗaya da ba shi da mai shi ba. Ya ce, "In kin ɗauki alkawari ko falle ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba, ki zo. Amma ki yi hanzari, jikin ya soma ƙi." Na ɗauka, da bakina.

Hanyar Burkina kowa ya ce kada in soma, sai na bi bakin teku: Legas, Kwatano, Lome, Akra. Ni dai ban ga abin kallo ba sai shinge. A sauka, a jeru, a buga hatimi, a hau, kafin ki gyara zama an sake cewa a sauka. Abokiyar zamana wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Ladi, wadda ta haddace hanyar kamar tsakar gidanta. Da mota ta tashi sai ta mai da kafaɗata matashi, da ta tsaya sai ta farka tana ba ni umarni: "Kada ki yi musu da mai kaki. Yi murmushi. Ke fuskarki ma faɗa take nema." Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ita za ta faɗa mini ba.

A iyakar Gana da Côte d'Ivoire aka nemi katin allurar shawara. Nawa yana Katsina, a ƙarƙashin talabijin, inda na ajiye shi don kada in manta. Haka aka shigar da ni wata rumfa aka tsira mini allura a dantse, ina ji ina gani, Hajiya Ladi na dariya har da riƙe ciki. Daga nan wata 'yar kwastan ta kwance ƙullin tsarabar da na yi wa Kawu. Warin daddawa ya buge ta, ta ja da baya, na ce shi ke nan an ƙwace. Sai ta sake shinshinawa, ta washe baki ta ce, "Sumbala!" Ashe su ma suna ci. Ta ɗaure mini da kanta, ta ƙulle da kyau fiye da yadda na yi.

Da la'asar muka shiga tashar Adjamé. Wayyo! Na ɗauka na san tasha. Ban gama sauko da ƙafa ba mutum uku sun kama jakata, kowa na ja yana kiran sunan garin da ban ce za ni ba. Ina cikin kokawa na ji an ce, "Eh, taubashiya! Kin zo mana da ƙauyancinki?" Zainabu ce. A Abidjan aka haife ta, Hausarta duk ta sha Faransanci, in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da wani yare. Ta daka wa mutanen tsawa, suka watse. Na ce, "Ke da ba ki iya kiran sunan kakarki daidai ba, ni ce 'yar ƙauye?" Muka rungume juna, ta tura ni cikin woro-woro, irin tasin nan da ake cusa mutane a ciki, sai Williamsville, ɓangaren Adjamé da su Kawu suke.

Gidan Kawu ba irin namu ba ne. Babu zaure, babu inda baƙo zai tsaya ya yi sallama. Tsakar gida ɗaya ce, ɗakuna kewaye, famfo ɗaya, kowane ɗaki da ƙabilarsa: Bahaushe, Bajula, Bamoshe, da wasu da ban ma san sunansu ba. Tukunyar kowa na kallon ta kowa. Ranar farko kunya ta hana ni fitowa alwala, rana ta biyu har na ari ludayin maƙwabciya. Abinci kuma acheke ne da kifi. Ido zai ce miki dambu ne, harshe ya ce a'a, rogo ne mai ɗan tsami. Na yi masa tsiya da farko, yanzu ga ni a Katsina ina kewarsa. Abin da ban saba da shi ba har na taho shi ne laima. Ki shanya zane tun safe, da yamma ki kwashe shi yadda kika shanya.

Kawu ya rame, ƙafafu sun kumbura, amma idon nan yana nan da kaifinsa. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rasu, sannan ya jawo gafakar daga bayan matashinsa ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Ɗiyata, amana ce." Ya lissafa waɗanda za a buga wa: manyan ɗalibansa, da limamin unguwa, da wasu abokan fataucinsa da suka rage. 'Yan kwafi ne da kwali ɗaya zai ɗauke. Ni ko sunana ban sa ba. Don me zan sa, ga inji? Na ma yi masa alfahari cewa injin ba ya mantuwa, ko bayan shekaru wani ya nema sai a danna a ba shi nasa.

Washegari muka haye gada zuwa Treichville. Mai maɗaba'ar, Misye Kofi, gajere ne mai tabarau, Kirista, mai sanyin magana. Zainabu ce tafinta. Injin da na ƙetare ƙasashe dominsa bai fi babban firiza ba. Babu faranti, babu warin kalanzir, babu tawada a hannun kowa, wutarsa ma rabinta daga hasken rana take. Aka ɗauki hoton shafukan Kawu ɗaya bayan ɗaya, aka goge dattin tsufa a kwamfuta, rubutun ya fito baƙi wuluk kamar yau aka yi shi. Kofi na ta nanata cewa a wurinsu babu asara, ba a zubar da komai. Ni kuwa ina gyaɗa kai, zuciyata na can Katsina tana auna inda zan ajiye irin wannan injin. A ranar na mayar wa Kawu gafakarsa.

Da muka koma karɓar littattafan, na ɗauki ɗaya na buɗe ta dama, inda duk mai karatun allo ke buɗewa. Abin da na fara cin karo da shi "tammat" ne. Ƙarshen littafi a farkonsa! Ashe mai ɗaure musu littafi, wani dattijo da ya ƙware a aikinsa, ya ga shafukan sun zo masa a baibai, sai ya gyara mana. Ya sa gam ta hagu yadda ake wa littafin Faransanci, ya datse baki tsaf, gam ɗin har ya cinye gefen wasu baitoci. Na yi faɗa, Allah ya sani na yi faɗa, har Zainabu ta daina fassarawa. Kofi bai yi musu ba. Ya ce laifinsu ne, mu dawo gobe da rana, za a sake bugawa kyauta. Nan take fushina ya sauka. Har na ce wa Zainabu, "Kin ga amfanin abin? Da a Kano ne, dubu ce ta lalace." Muka fita muka sayi aloko, soyayyar ayaba, muna ci muna tsokanar juna. Ko sau ɗaya ban waiwayi kwalin da na bari a kan teburinsa ba.

Sababbin sun yi kyau, kada in rage musu. Bango kore, ɗauri ta dama, bismilla a inda ya kamata. Ina shafa su sai abin ya faɗo mini. Na ce, "Zainabu, tambaye shi ina na jiya." Kofi ya gyara tabarau, fuskarsa cike da jin daɗi, ya ce ai ya gaya mana ba sa zubar da komai. Kullum da safe wani mai amalanke yana zuwa ya kwashe takardun da suka lalace. A ɓare bango, mai kyau a kai wa matan kasuwa su yi ƙunshi, sauran a kai inda ake jiƙa su a yi kwalin ƙwai.

Innalillahi. Na zauna a kan wani kwali. Zainabu ta yi masa bayani da sauri da sauri, na ga fara'ar tana zubewa daga fuskarsa. Mutumin nan bai ce ai ba a gaya masa ba, ko da yake gaskiya ba a gaya masa ba. Ya cire rigar aiki, ya kira mai amalanken a waya, ya ce mana, "Adjamé. Mu tafi."

Ban taɓa tsanar gada kamar ranar ba. Motoci sun cushe, hadari ya haɗo, ni kuma ina ta buga ƙafa a cikin mota kamar hakan zai tura ta. Kafin mu isa an kece da ruwa. Mai amalanken, wani Bamoshe da ake kira Salifu, yana jiranmu a bakin kasuwa duk ya tsorata, ya ɗauka kama shi za a yi. Ya ce takardar mai kauri ce, bai kai ko ɗaya wurin jiƙawa ba, mata uku ya raba wa. Ya shiga gaba muna bin sa, ta cikin 'yan atamfa, ta cikin 'yan goro, ana ture mu muna ture wasu, ruwa na zuba daga bakin rumfuna cikin wuyana.

Ta farko wata tsohuwa ce Bajula mai gyaɗa. Tun kafin mu gama magana ta nuna sama. Ga takardun a cikin leda, ta rataye a ƙusa can kusa da rufi. Ta ce tana kwance ɗaurin ta ga rubutun, ta san ba na ƙunshi ba ne, jira take a tashi kasuwa ta kai masallaci. Sannan ta wanke mu tas da Julanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. Ta biyu mai burodi ce, ko kwance nata ba ta yi ba. Na fara cewa alhamdulillahi, numfashina ya fara dawowa.

Ta uku tana bakin tasha, wata matashiya mai suyar kifi da aloko. Da ta ji abin da muke nema sai ta yi murmushi, ta ce takardar nan ta yi mata, tana shan mai ba ta yagewa. Tun safe take naɗa wa matafiya. Motocin sun tashi, wasu Bouaké, wasu Korhogo, wasu har Bamako. Na duba ƙasa. Ga su nan a cikin taɓo, an ci an yar, an tattake, rubutun Kawu da sawun takalma a kai. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ina tsinta ina kuka, ba na ɓoyewa, kuka nake sosai. Da na ɗaga kai sai na ga Kofi da farar rigarsa shi ma ya durƙusa cikin taɓon yana tsinta. Yarinyar ta kashe wutarta ta shigo cikinmu tana ta "pardon, pardon," alhali ba ta yi wa kowa laifi ba. Muka tsince abin da ido ya gani, har cikin kwata Salifu ya zura hannu, muka haɗa duka a wata baƙar leda.

A hanyar gida Zainabu ta kama hannuna. Babu wasa a muryarta. "Hajara, kada ki faɗa wa Papa. Ga masu kyau nan a kwali. Il est malade, ba shi da lafiya, kin gani da idonki. Ki bar shi ya yi murna."

Na ce, "Alkawari na yi masa."

"Alkawarin ya riga ya karye. Faɗar za ta gyara? Ke dai kina son ki sauke nauyi ne a kan tsoho."

Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a ciki. Har muka isa ban yanke shawara ba. Na canja zane, na tura baƙar ledar ƙarƙashin gado, na ɗauki kwalin na shiga wurinsa.

Kawu ya buɗe littafin ta dama, ya kai shi kusa da ido, ya fara rera baitin farko da 'yar muryar da ta rage masa. Ya ce, "Kai! Kamar ni na zauna na kwafe su duka." Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Zainabu na tsaye a bakin ƙofa tana roƙona da ido. Sai ya rufe littafin, ya dube ni, ya ce, "Ɗiyata, babu fallen da ya faɗi ƙasa ko?"

Na tashi na ɗauko ledar.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Na ba shi labari tun daga gam har zuwa bakin tasha. Ya zaro falle ɗaya da mai ya jiƙe, ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya daɗe yana lallashinsa da tafin hannu. Ya ce nawa suka tafi da matafiya? Na ce Allah kaɗai ya sani. Ya ce, "Haka ne." Ya sa aka ƙona na cikin ledar a sabon kasko, aka binne tokar a bayan masallaci. Ya kuma aika a yi wa Kofi godiya, ya ce wanda ya durƙusa a taɓo don abin da ba addininsa ba, ɗan halak ne.

Kashegari ya tara mutanensa, ya miƙa wa kowa nasa hannu da hannu, yana kiran suna. Da aka watse ya ce in matso.

"Kin ce injin nan ba ya mantuwa?"

"E, Kawu."

"To bayan raina wa zai tsaya a kansa? Ke da kike jinina, kina tsaye, kin ga abin da ya faru. A goge su daga cikinsa."

Na roƙe shi. Na ce Kawu, don wannan fa na zo. Na ce akwai mutane a Katsina da Maraɗi da ba su taɓa jin waƙoƙin nan ba, na ce jikokinsa, na ce kuskure ɗaya ne kuma an gane shi, ba za a sake ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Mai so ya zo wurin waɗanda na ba, ya zauna ya kwafa da hannunsa. Wanda ya sha wahalar rubutawa ba ya naɗe kifi da shi." Na ce ko kwafi ɗaya a ƙara, nawa. Ya ce ƙari ɗaya shi ke jawo na biyu.

A gabanmu ni da Zainabu Kofi ya goge, ya buɗe ko'ina cikin kwamfutar ya nuna mana babu. Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce bai taɓa kashe aiki mai kyau irin wannan ba. Zainabu ba ta yi mini magana ba sai ranar tafiyata, a tasha, inda ta cusa mini ƙullin acheke a jaka ta ce, "Kanki ya cika tauri, taubashiya." Kawu kuwa ya sa mini albarka, ya ba ni goro in kai wa mahaifiyata. Na san ba lalle in sake ganinsa ba.

Mun wuce iyaka, mun shiga Gana, rana ta take, ina neman lambar direban da zai tare ni a Legas, sai na ci karo da shi a wayata. Littafin ne, cif, daga bismilla har tammat. Kofi ya turo mini tun ranar farko don in duba shafuka, duk mun manta. Babu wanda ya sani. Kawu bai san ana haka ba, Zainabu ba za ta tambaya ba. Na buɗe, na karanta waƙa ɗaya da ɗan ajamin da na iya, na karanta ta biyu. Na tuna akwai ranar da waɗancan kwafin za su tsufa, masu su su mutu, 'ya'yansu kuma Faransanci suke karantawa. Na kife wayar a cinya, na ɗauka, na sake kifewa, har matar da ke kusa da ni ta ce lafiya?

Da na danna gogewa, wayar ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba. Na danna.